Värnplikt: kalmar da ta shigo gidana a ambulan, da ƙamus ukun da na bi sawunta a cikinsu

Wasiƙar ta zo ne a shekarar da 'yata ta fari za ta cika 18. Sunanta ne a jikin ambulan, ba nawa ba, kuma daga hukumar da ake kira Plikt- och prövningsverket ta fito. A tsaye ta buɗe ta a bakin ƙofa, ko jakar makaranta ba ta sauke ba, ta karanta, ta miƙo mini. "Baba, ba wani abu ba ne fa, kowa a ajinmu ya samu irinta." Gaskiyarta. A Suwidin duk ɗan ƙasa, namiji ko mace, sai ya cike wannan takardar tambayoyi ta intanet a wannan shekarar ta rayuwarsa, a kan lafiyarsa da karatunsa da ra'ayinsa game da aikin soja. Amma ni idona ya tsaya a kan kalma ɗaya, värnplikt, gabana kuma ya faɗi.

Ba wai ban san ma'anarta ba. Na daɗe a ƙasar nan, na san ana nufin aikin soja na dole. Abin da ban sani ba shi ne me kalmar ta ƙunsa a cikinta, me ya sa ba su kira abin aikin yaƙi ko aikin soja kai tsaye ba. Idan za a kira ɗiyarka da wani suna, kana so ka san asalinsa. Daren nan, bayan kowa ya kwanta, na buɗe shafin svenska.se a kwamfuta, kuma tun daga ranar kusan ban yi mako guda ban leƙa shi ba. Shi nake so in ba ku labarinsa, don na ga 'yan'uwa da yawa da ke koyon harshen nan ba su wuce manhajar fassara ta waya ba.

Shafin na Svenska Akademien ne, majalisar nan mai kujeru 18 da Sarki Gustav na 3 ya kafa a 1786, wadda duniya ta fi saninta da bayar da kyautar Nobel ta adabi. An buɗe shi a 2017. Kyauta ne, ba rajista, ba talla. Akwati ɗaya ne na rubutu a sama. Ka rubuta kalma, sai ƙamus uku su amsa maka a jere, kowanne a layinsa, kowanne da shekarar da aka buga bayaninsa.

Na hagu shi ne SAOL, jerin kalmomi na majalisar, wanda aka fara bugawa a 1874, kuma shi ne alƙalin rubutu: yadda ake rubuta kalma, yadda take canjawa a jam'i, wani lokaci da gajeruwar ma'ana, shi ke nan. Mai neman asali ba zai daɗe a nan ba. Amma akwai ɗan abu guda da yake yi wanda ya fi ƙarfin a raina shi. Yana saka siririn layi a tsaye a daidai gaɓar da kalmomi biyu suka haɗu: värn|plikt. Ga baƙon harshe wannan layin shi ne rabin aikin, domin mutanen nan suna manne kalmomi ne ba tare da sarari ba, sai ka ga abu ya yi tsawo kamar jirgin ƙasa ba ka san inda tarago ɗaya ya ƙare ba. Da ka ga gaɓar, sai ka tuna ƙa'ida ɗaya: daga baya ake karantawa. Mu muna sa uwar kalma a gaba, mu ce jirgin yaƙi, motar sulke. Su a ƙarshe suke ajiye ta. Stridsvagn, tankar yaƙi, vagn ce, wato keke ko amalanke, ta strid, wato faɗa, da ɗan harafin s a tsakani yana riƙe su, kamar yadda n yake riƙe jirgi da yaƙi a bakinmu. Don haka värnplikt nau'in plikt ce. Tambayar ta zama biyu: mece ce plikt, kuma mene ne värn?

Na tsakiya, SO, ƙamusun harshen zamani, shi ne wanda na fi so, shi kuma zan ce wa kowa ya fara da shi. Yana ba da ma'ana a harshe mai sauƙi, da jimlolin misali irin waɗanda ake ji a rediyo, da maɓallin da za ka danna a furta maka kalmar. Na danna na värnplikt ya fi sau goma. Haɗaɗɗun kalmomin Suwidin suna da waƙarsu, murya ta sauka a gaɓar farko ta sake ɗagawa a ta ƙarshe, kuma kunnen Bahaushe da ya saba bambance kalmomi da karin sauti ba ya shan wahalar kama wannan. Haka kuma r da n na värn ba a raba su, harshe ne yake lanƙwasawa baya ya fitar da su sauti ɗaya. A ƙasan kowane bayani akwai layi biyu ko uku na tarihi: tun yaushe aka fara ganin kalmar a rubuce, daga wane harshe ta zo. Gajere ne, amma babu kame-kame a ciki.

To ga abin da na tarar. Värn 'yar gida ce, tsohuwar kalmar mutanen arewacin Turai, tana nan tun a tsohon harshensu. Ma'anarta kariya, garkuwa, abin da kake fakewa a bayansa. 'Yar'uwar aikatau värja ce, wato kare kai, kuma har yau idan aka ce wani värnlös ne ana nufin ba shi da mai kare shi, kamar jariri ko tsoho. Ana cewa a värna om abu, a tattala shi, a kula da shi kada ya lalace. Da wannan kalmar suke maganar kare 'yancin faɗar albarkacin baki ko kare yara. Babu kai hari a cikinta ko kaɗan. Da na karanta wannan sai na ji numfashina ya ɗan daidaita.

Plikt kuwa baƙuwa ce. Daga Jamusancin arewa ta shigo, harshen fataken Hansa da suka riƙe kasuwancin tekun Baltik a tsakiyar zamani, daga Lübeck zuwa Visby zuwa Stockholm. Yawansu a Stockholm ya kai ga doka ta ba su rabin kujerun majalisar gari, sai a 1471 aka soke wannan. Dubban kalmomi suka bari a harshen, kuma plikt na cikinsu. Na riga na san ta daga skolplikt, wajibcin sa yaro a makaranta, wanda duk mai 'ya'ya a ƙasar nan ya san ba a wasa da shi. Abin da ban sani ba sai da na shiga ƙamus na uku shi ne ɗaya fuskar tata: plikt tara ce kuma, hukunci ne. A plikta shi ne a biya diyyar laifi, har ana cewa mutum ya plikta da ransa. A da akwai kyrkoplikt, inda mai laifi zai zauna a kan wata 'yar kujera a gaban jama'a a coci ranar Lahadi a kunyata shi, har zuwa 1855 da aka daina. Wato a cikin kalma ɗaya, rabin farko garkuwa ne, rabi na biyu bashi ne da ba a yafewa. Ita kanta haɗaɗɗiyar ba tsohuwa ba ce sosai: a ƙarni na 19 aka ɗinka ta a kan ƙirar Wehrpflicht ta Jamusawa, gaɓa da gaɓa, lokacin da tsarin sojan Prusiya, wata daular Jamusawa, ya zama abin koyi a Turai.

Wannan ƙamus na uku, SAOB, babban ƙamusun tarihin harshen, shi ne giwar. An fara aikinsa gadan-gadan a 1883, kashin farko ya fito a 1893, aka kammala harafin ƙarshe a 2023: shekara 140, mujalladi 39, shafi sama da dubu 33. A garin Lund editocinsa suke zaune, tsara bayan tsara, wasu sun yi aikinsu duka sun yi ritaya a cikin haruffa biyu ko uku. Yana bin harshen ne daga 1521, shekarar da Gustav Vasa ya ja ragamar tawayen da ya kai shi ga sarauta, zuwa lokacin da aka rubuta kowane bayani. Ba ya gaya maka ma'ana kawai; yana jero maka jimloli na ainihi daga dokoki da wasiƙu da jaridu, kowacce da shekararta, ka ga kalma tana girma tana sauya hali a gaban idonka.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, shiga cikinsa sai da haƙuri. An rubuta shi ne don takarda mai tsada, don haka kusan komai a taƙaice yake: fsv. na nufin tsohon harshen Suwidin, mlt. Jamusancin arewa na tsakiyar zamani, t. Jamusanci, jfr kwatanta, ssg haɗaɗɗiyar kalma, alamar gicciye kuma na nufin ma'anar ta mutu ba a amfani da ita. Asalin kalma yana cikin baka mai kusurwa kusa da farkon bayani. Haɗaɗɗun kalmomi da yawa ba su da gidan kansu, suna can ƙasa a jere ƙarƙashin kalmar farko, an yanke musu kai an bar ɗan layi a madadinsa. Na ɗauki takarda na rubuta taƙaitattun nan guda goma sha biyar na manna a gefen allon kwamfuta, daga nan hanya ta buɗe. A waya kuwa ban ba kowa shawara ba. Bayani ɗaya yana iya zama bango guda na rubutu da babu sakin layi.

Abu na biyu da ya kamata mai amfani da shi ya riƙe a ransa shi ne ya duba shekara. Tunda a jeren haruffa aka yi aikin, bayanin värn sabo ne fil, na shekarun nan, amma na harafin B ko D ya haura shekara ɗari ko ya kusa. Nemi drönare, kalmar da ake ji kullum a labaran yaƙin Yukiren, wato jirgi mara matuƙi. Ƙamus na uku zai ba ka namijin ƙudan zuma da malalacin mutum, domin lokacin da aka rubuta shi ba a fara kiran jirgi da wannan sunan ba. Sabuwar ma'anar sai a ƙamusan biyu na farko. Editocin sun san da wannan, kuma sun koma kan haruffan farko suna ƙara kalmomin da suka shigo daga baya. Ni dai ban ɗauki tsufan a matsayin aibi zalla ba. Bayanin beväring, sunan da ake kiran matasan da aka ɗauka horon soja tun daga 1812, an rubuta shi ne a farkon ƙarni na 20, lokacin da kalmar tana raye a bakin mutane. Kana karantawa kana jin muryar wanda ya ga beväring da idonsa a tashar jirgin ƙasa.

A nan ne kuma na ci karo da abin da ya hana ni barci a daren farko. Vär ɗin da ke cikin beväring, da na cikin gevär, wato bindiga, da värn, duk jini ɗaya ne. Gevär daga Gewehr ta Jamusanci ta zo, ita kuma daga wehren, kare kai. Bindigar kanta, a asalin sunanta, abin kariya ce. Na zauna ina tunanin yadda mutane suke ba makami sunan garkuwa, da abin da hakan yake rufewa da abin da yake bayyanawa. Haka hemvärn, dakarun tsaron gida da aka kafa a 1940, da luftvärn, makaman kakkaɓo jiragen sama. Kuma ba da gangan ba ne rundunar ƙasar ta bar sunan Krigsmakten, ƙarfin yaƙi, ta koma Försvarsmakten, ƙarfin tsaro, a 1975. Ita försvar ɗin ma da ka raba ta za ka ga svar, amsa: a amsa a madadin wani, kamar yadda lauya yake yi a kotu. Ƙasar da rabonta da shiga yaƙi tun 1814 ta zaɓi kalmominta da lura.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, ya haura 80, da muke haɗuwa a ɗakin wanki na gidan benenmu. Da na gaya masa zancen wasiƙar sai fuskarsa ta washe. Shi bai ce värnplikt ba ko sau ɗaya. Lumpen yake cewa. Ya yi nasa lumpen ɗin a Boden, garin barikoki da ke can arewa kusa da iyakar Finlan, inda ya ce sanyi yana daskarar da gashin hanci kafin ka gama jeren safe. Na koma na duba: lump tsumma ne, tsofaffin tufafi, kuma daga kakin da ake ba wa sababbin shiga, wanda wasu suka riga suka sa suka cire, sunan ya samo asali. Hukuma ta ce garkuwa da wajibi, samari suka ce tsummokara. Ya kuma gaya mini kalmar muck, ranar sallama, wadda suke ƙirga kwanakin da suka rage kafin ta zo. A cewarsa haruffan farko ne na wata jimla da ke nufin fita daga soja a koma kayan gida. Labari ne mai daɗi, kuma mutane da yawa sun yarda da shi, amma ƙamus ya bi sawun kalmar zuwa harshen Romani, na mutanen da Turawa suke kira Gypsy, inda take da ma'anar saki da 'yanci. Irin wannan wurin ne shafin yake biyan lokacin da ka ba shi: yana raba maka abin da ake faɗa da abin da aka samu hujjarsa. Ban yi wa dattijon gyara ba, shi ne ya yi sanyin Boden ba ni ba. Na dai riƙe duka biyun.

Shi ne kuma ya tuna mini abin da ya gabaci värnplikt. Tun daga shekarun 1680, zamanin Sarki Karl na 11, gonaki ne suke haɗuwa su ɗauki nauyin soja ɗaya, su ba shi ɗan gida da fili. Kaftin kan raɗa wa sojan sabon gajeren suna don kada a ruɗe da masu suna iri ɗaya, shi ya sa har yau za ka gamu da mutane masu sunan dangi Rask, mai zafin nama, ko Modig, jarumi, ko Svärd, takobi. A 1901 aka yanke shawarar rushe wannan tsari aka ɗora wajibin a kan kowane namiji. Nan take ma'aikata suka ce to, idan jininmu ya isa a nema, ƙuri'armu ma ta isa a ƙirga: mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya, bindiga ɗaya. A 1909 maza suka samu 'yancin zaɓen ƙaramin zauren majalisar dokokin ƙasa, kuma yin aikin sojan yana cikin sharuɗɗan. An jingine tsarin a 2010, aka dawo da shi a 2017 bayan Rasha ta ƙwace Kirimiya, wannan karon har da mata, kuma rukunin farko na kimanin mutum 4,000 ya shiga horo a 2018. Wannan tarihin ba a ƙamus za ka same shi a jere haka ba, amma jimlolin misalin da ke cikinsa suna tafe da shekarunsu, kuma da ka san kwanakin sai su fara magana.

Bayan värnplikt na bi wasu don sha'awa kawai. Kulspruta, bindiga mai sarrafa kanta, kula ce, harsashi, da spruta, abin feshi, kalma ɗaya da allurar asibiti da famfon 'yan kwana-kwana. Mai fesa harsashi ke nan, kuma wani injiniyan ƙasar, Helge Palmcrantz, ya ƙera irinta mai bakuna da yawa a 1873. Pansar, sulken tanka, in ka bi ta baya ta Jamusanci da tsohon Faransanci za ka isa kalmar Latin mai nufin tumbi, domin asalinta abin kare ciki ne. Örlog da ke cikin sunayen sojan ruwa ita ce kalmar yaƙi ta fataken Hansa, wadda mutanen Holan suke amfani da 'yar'uwarta har gobe. Muƙamai kuwa kusan duk aro ne, fänrik daga Jamus, mai riƙe tuta, löjtnant daga Faransa, kamar dai yadda kofur da saje da laftanar suka shigo bakinmu tare da waɗanda suka kawo kakin.

Iyakarsa a fili take. Komai da harshen Suwidin aka rubuta, babu fassara zuwa wani harshe, don haka wanda bai wuce matakin gaisuwa ba zai buƙaci wani ƙamus a gefe. Kuma yawanci yana tsayawa ne a harsunan maƙwabta. Mai son ya nutsa har zuwa tushen da ya haɗa su da Latin da Girkanci sai ya nemi ƙamusun asalin kalmomi na Elof Hellquist na 1922, wanda shafin tsofaffin littattafai na Projekt Runeberg ya ɗora hotunan shafukansa a intanet kyauta. Shi ma ya tsufa, amma a kan tsofaffin kalmomi irin värn yana da abin faɗa da yawa. Yadda nake yi yanzu shi ne in duba gaɓa a na hagu, in karanta ma'ana da tarihi in saurari furuci a na tsakiya, sannan in shiga na dama idan ina da sa'a guda da ba mai kirana.

'Yata ta cike takardarta a cikin kwanakin da aka ba ta. Bayan wasu watanni wasiƙa ta biyu ta zo, an kira ta mönstring, gwajin lafiya da ƙarfi da ƙwaƙwalwa da ake yi kafin a zaɓi waɗanda za su shiga bariki. Da daddare ta same ni a gaban kwamfuta, ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. "Baba, duba mini wannan ma." Muka rubuta tare. Ta biyo ta Jamusancin arewa ne daga monstrare ta Latin, a nuna, a fito da abu fili a gani, uwa ɗaya da mönster, zanen da ke jikin yadi. Ta karanta layin sau biyu, ta danna maɓallin furuci, sannan ta tashi ta je neman takalman gudunta, don ta ce daga gobe da asuba za ta fara motsa jiki.